Jirgin da Muka Ɗinka wa Baba Garba

Ranar da motar albasa ta sauke ni a tashar Race Course ta Kumasi, hulata ce kawai ta bambanta ni da kayan da na kwana a kansu. Na fito daga ƙasar Adar, can bayan Tawa, inda in an yi ruwan sama tsofaffi kan tara jikoki su nuna musu, don kada su girma ba su san kamanninsa ba. Ina saurayi a lokacin, siriri kamar karan dawa, ga jaka a kafaɗa, ga buri a zuciya wanda ya fi motar nauyi.

Ban gama miƙe ƙafa ba sai ga wani mai fara'a, Hausarsa garau, ya ce mini ɗan'uwa. Ya ce a garin nan abin kunya ne a bar baƙo da kaya, ya karɓi jakar, ya tsayar da ni jikin wata katanga ya je ya nemo mana mota. Allah ya ba shi sa'a, har yau yana neman motar nan. Rigunan ba su dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cukun da uwata ta ƙulle mini a tsumma, ta ce kada in ci sai ranar da kewar gida ta kama ni.

Ina nan tsaye har inuwar katangar ta gudu ta bar ni. Wani dattijo mai sayar da bandar kifi a gefen tasha ya yafito ni.

"Kai yaro, tun hantsi kake nan kamar an dasa ka. Ɗan ina ne?"

Na ce Adar.

"Shi ya sa. Ku in kun ga mutum yana murmushi sai ku ɗauka rijiya ce. Zauna."

Ya miƙo mini kifi da wani ƙunshin tuwon masara mai tsami da ake kira dokunu. Yunwa ta sa na haɗa da ganyen da aka naɗe shi ina tauna. Ya yi ta kallona har na kusa cinye ganyen, sannan ya ce, "A nan akuya muke bar wa wannan, amma kai baƙo ne, ci abinka."

Wannan shi ne Baba Garba, Basarke, masunci ɗan masunta, mutumin Gaya ta bakin kogin Kwara, can aka haife shi, kuma in ka bi ta bakinsa a cikin jirgi aka yanke masa cibiya.

Ya kai ni gidan hayar da yake a Ashanti New Town, gida mai ɗakuna kewaye da tsakar gida guda, inda ake jin yare iri-iri a bakin famfo ɗaya. Matarsa, Inna Zinatu, ta shimfiɗa mini tabarma ba ta tambayi sunan ubana ba. 'Yarsu Ramatu tana ƙarama, ta yi kwanaki tana toshe hanci in na wuce, saboda albasa.

A gidan nan na koyi Kumasi. Na yi dako a kasuwar Kejetia har wuyana ya shige kafaɗa. Na koyi Tonanci, yaren Asante, na gaisuwa da na ciniki da na ba da haƙuri. Garin kore shar, ruwa ba ya jin magana, ka wanke riga ranar Juma'a ta bushe ranar Juma'a mai zuwa. Ina kewar fura, ina kewar iskar da ba ta manne wa mutum a jiki, ina kewar sararin da za ka hango baƙo tun yana ɗan ɗigo. Wata rana Inna ta same ni bayan ɗaki ina share ido. Na ce hayaƙi ne. Ba a hura wuta ba ranar. Washegari ta nemo gero, ban san daga ina ba, ta dama mini fura.

Baba kuwa kewarsa kogi ce. Bayan la'asar mukan zauna a ƙofar gida, shi ya yabi ruwa, ni in yabi rairayi, kowa na ƙara gishiri. Ya ce ya taɓa kama giwan ruwa da sai da aka sa jakai biyu suka ja shi. Na ce a garinmu akwai rijiyar da in ka jefa guga da damina, sai da rani za ka ji ƙararsa. Ya ce, "Ba'adare, ƙaryarka ba ta iya iyo ba."

Akwai hali guda da duk gidan ya san shi da shi: bai taɓa cin abinci bai kushe shi ba. Yau gishiri ya yi kaɗan, gobe miyar ta yi ruwa, jibi an ƙona ɗanwake. Yana kushewa yana suɗe kwano. Inna takan ce, "Malam, ranar da ka yabi miyata, ranar zan san ka fara haɗa kaya."

Shekaru suka ja. Na bar dako na kafa teburin shayi, na yi aure, na yi 'ya'ya, na ajiye tumbin da in na shiga trotro, motar hayar garin, yaron mota kan dube ni ya dubi kujera ya yi tsaki. Ramatu ta girma ta zama matar gida. Sai Allah ya karɓi Inna Zinatu. Ba a jima ba yana ta rufe wa Baba ido, ya daina zuwa tasha, ya koma kan tabarma.

Wata safiya Ramatu ta zo teburina ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Yaya Illa, Baba ya ce miyata ta yi daɗi."

Na ajiye buta.

"Ya ce ta yi daɗi, ya sa albarka, ya ture kwanon. Loma ɗaya ya yi. Jiya ma haka."

Mun kai shi asibiti. Suka ce ban da tsufa da idon ba su ga wata cuta ba, amma lallai ya ci abinci, in ba haka ba jikin zai tafi. Aka gwada tuwo, aka gwada wake da shinkafa, aka gwada farfesun kifi. Komai ya yi daɗi, komai ya dawo kamar yadda aka kai shi. Ɗan koko kawai yake kurɓa. Mutumin da ya ɗauke ni daga jikin katanga yana narkewa a gabana, wuyan rigarsa na ƙara faɗi kullum.

Na zauna kusa da shi na ce, "Baba, don Allah me ranka ke so?"

Ya juyo da fuska inda muryata take. Can ya ce, "In ji ruwa na motsi a ƙarƙashina. Ƙasar nan ta cika tsayawa wuri ɗaya."

Gaya ta yi nisa, jikinsa ba zai ɗauki hanyar ba, kuma waɗanda ya sani a can duk sun riga shi. Amma kowa a Kumasi ya san akwai tafkin Bosomtwi, ba nisa da gari. Bakina, wanda ya saba riga hankalina fita, ya ce, "To zan yi maka jirgi. Ɗan ƙarami, naka na kanka, ka tuƙa da hannunka."

Kafaɗunsa suka girgiza. Dariya ce, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba.

"Ba'adare zai yi jirgi. Kai da kake karanta Ayatul Kursiyyu kafin ka tsallake kwata."

"Ni ɗin."

"To da maɗaci. Jirgin ubana na maɗaci ne, na kakana ma haka. In ba maɗaci ba ne, kada ka wahalar da kanka."

Na nufi Oforikrom, wajen masu katako. Ni dai a duniya itace iri biyu na sani: wanda ke ci da wuta, da wanda ke hayaƙi. Na shiga ina tambayar maɗaci da murya irin ta masana. Wani saurayi mai fara'a ya tare ni. Ya kamata fara'ar nan ta tuna mini da wani abu, amma ashe tumbi ba ya ƙara wa mutum wayo. Ya ja ni bayan rumfuna ya nuna mini dogayen falle biyu, jawur, suna ƙyalli. Ya ce irinsu ake kai wa Turai a yi wa sarakuna gado. Na ƙwanƙwasa da yatsa, na kara kunne, na gyaɗa kai, ban ji komai ba sai yatsana. Na biya.

Na ɗora su a ka har bakin titi, ina ta mamakin kaina. Na ce ashe ƙarfin dako bai tafi ba, ɓuya ya yi ƙarƙashin kitse. Na shiga gida ina kirari, mata suka fito kallo.

Aka ɗora gefen falle guda a cinyar Baba. Ya shafa. Ya ɗaga da hannu ɗaya, ya ajiye. Ya kankare da farce, ya kai harshe. Haka Sarkawa ke gane shi, in ji shi, domin maɗaci ba ya ɓoye ɗacinsa ko ya shekara a bushe.

"Jar ƙasa da baƙin mai," ya ce. "An shafa masa kwalliya, an aurar maka."

Inda ya kankare, farin itace ne fes a ƙasa. Mata suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Shi bai yi ba. Ya kwanta, ya juya fuska ga bango, ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Illa. Allah ya yi albarka." Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar aurena. Gara ya zage ni.

Na koma Oforikrom da fallen a ka, zan ci mutum ɗanye. Saurayin ya bi sahun mai neman mota. Na tsaya ina faɗa da iska, har wata mata mai rumfar katako a kusa, Batoniya, wato 'yar Asante, kakkaura, da zane ɗaure a ƙugu, ta ce in zo in sauke kafin in fasa wa wani kai. Sunanta Maame Adwoa. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Wannan wawa ne," ta ce.

Na ce na sani, ai ba sai ta faɗa a gaban mutane ba. Ta ce itacen take nufi, haka sunansa yake a wurinsu. Ta tambayi abin da zan yi da shi, ko ƙofa ko gado. Na ba ta labarin Baba tun daga bandar kifi har zuwa bango. Ina gamawa na ga ta daina dariya. Ashe ita 'yar bakin tafkin ce, ubanta masunci ne, a kan ruwan ya tsufa.

"Maigida, ji nan. Wannan itace, masunta na bakin teku da shi yake sassaƙa jirgi. Ba nauyi. Ya sha ruwa, ya kumbura, ya toshe kansa. Maɗaci mai kyau ne, amma wa zai ɗaga shi sama mota? Kai? Tsoho zai iya tura shi da hannu? Ɓarawo ya cuce ka, amma itacen jirgi ya ba ka."

Na ce tsohon ba zai yarda ba. Ta shiga can cikin rumfa, ta yi ta jan abubuwa, ta fito da wani guntun katako mai duhu, tsawonsa ya kai ƙirjina, da sauran ɓawo manne a gefe. Na kai hannu aljihu, ta buge hannun.

"Kai wa Papa. Amma ka gaya masa abu ɗaya. A ƙauyenmu ƙarfe ba ya taɓa ruwa. Wani gefe yanzu 'yan birni ya kawo jirgi mai inji, amma wurinmu tsofaffi bai yarda ba. Ƙusa ɗaya a jiki, jirgi ba ya sauka."

Na dawo gida da guntun da fallen duka. Maɗacin bai isa ko kujera ba, ga kuma jirgi ba ƙusa, wanda a ganina daidai yake da shayi ba ruwa.

Na sa guntun a hannun Baba. Ya ɓantari ɓawon ya sa a baki. Fuskarsa ta tattare kamar ta jaririn da aka ɗura wa magani, ya yi ta taunawa bai tofar ba, ruwa na bin gefen idonsa. Ya auna guntun da damtse.

"Filafili zai yi," ya ce. "Abin tuƙi. Saura fa?"

Na faɗa masa gaskiya: saura sai farin itacen nan. Sannan na faɗi zancen ƙusa, ina jiran ya sake juyawa bango. Sai na ga ya dafa ƙasa ya tashi zaune.

"Su ma ɗinka nasu suke yi?"

"Ɗinki kamar na riga?"

"Kakana bai taɓa buga ƙusa a jirgi ba. Huda katako ake yi, a ɗinke da igiya, a cusa tsumma da man kaɗe. Ina yaro ni ke riƙe masa bakin igiyar." Yatsunsa suka yi ta motsi a kan gwiwa kamar suna tuna wani abu. "Ruwan nasu ne, dokar tasu ce. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka liƙa. Miƙo mini farin nan in sake ji."

Ya ƙwanƙwasa, ya sansana, ya lanƙwasa gefen da tafin hannu. "Ba nauyi, ga ƙara kamar ganga. Halinku ɗaya, Ba'adare. Falle biyu ba za su isa ba, kuma ba zan sake aiken ka kai kaɗai ba. Ramatu, ina takalmana?"

Haka Baba Garba, wanda ya yi watanni bai leƙa ƙofar gida ba in ba zuwa asibiti ba, ya shiga tasi zuwa Oforikrom. Maame Adwoa ta ba shi kujerarta, ta sa ana jawo masa falle ɗaya bayan ɗaya. Makaho ne, amma ya tsefe rumfar nan kamar mai zaɓen amarya. Wannan yana da ido, wato ƙullin reshe, nan ruwa zai fara shiga. Wannan ɗanye ne, sanyinsa ya faɗa, zai karkace. Wannan ya bushe har ya tsage a baki. Wannan ƙwaro ya riga mu. Yana bin jijiyar itacen da farce daga kai har gindi, in ta tafi sak ya ce a ajiye, in ta kauce ya ce a mayar.

"Papa, kai zai kore mini kasuwa," in ji Maame.

"'Yata, wanda zai hau da ƙaton nan dole ya zaɓa da kyau. Shi kaɗai lodin jirgi biyu ne."

Sai a lokacin na gane har da ni za a shiga ruwan. Na ce ai ni na ƙasa ne, mai addu'a daga gaɓa. Ya ce makaho ba ya tuƙi ba idanu, kuma ni ne idanun.

Masu zarton Maame suka yanka, suka goge, suka huhhuda gefunan yadda ya ce. Sauran aikin a tsakar gida aka yi shi. Ni ke jan igiyar koma, irin ta ragar masunta, da ƙarfi, shi ke zura ta a huda yana ƙullawa da lalube, Ramatu na yayyaga tsofaffin zannuwan Inna tana tsomawa a man kaɗe muna cusawa. Filafilin kuwa bai bar kowa ya taɓa ba, shi ya fere shi da wuƙa, kaɗan-kaɗan, har ya yi sumul. Maƙwabta suka ce komin raƙuma muke yi. Wani ya ce in ya ƙi ruwa a ba shi ya zuba gawayi. Aikin ya tashe shi zaune, amma abinci har yanzu yana da daɗi, kwano na dawowa cike. Wani lokaci igiyar kan suɓuce daga yatsunsa, ya jingina da bango yana haki, ni da Ramatu mu dubi juna. Na riƙa rufe teburin shayi da wuri, don ban san wanda zai riga ƙarewa ba, jirgin ko shi.

Ranar da muka tafi ƙauyen su Maame, ni da Baba da Ramatu, mun ɗaure jirgin a saman trotro, ni da direba kawai muka ɗaga shi. Na tuna maganar Maame. Da maɗaci ne, da yanzu ana karɓar gaisuwata. Hanya ta yi ta gangarawa tsakanin duwatsu da gonakin koko, sai ga ruwa shimfiɗe, tsit, kewaye da tuddai. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka wuri ɗaya, babu mai shi, ba. Masuntan wurin a kan fallen itace kawai suke zama, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu.

Kawun Maame, tsoho tukuf, ya zo ya shafa jirgin ciki da waje yana neman ƙusa. Da ya iske ɗinkin, ya bi shi da yatsa har ƙarshe, ya kamo hannun Baba ya riƙe. Ba mai jin yaren wani sosai, sun dai tsaya haka. Sannan ya juyo kaina ya nuna agogo, ya nuna makullai, ya nuna kan bel ɗina. Duk na cire. Na shiga tafkin Bosomtwi da wando ɗaure da ragowar igiyar koma, mutanen ƙauye na kallo.

Aka zaunar da Baba a baya, ni a gaba, aka tura mu. Ƙasa ta sake mu. Na damƙe gefen jirgin har sai da na bar wa itacen shaidar yatsu, na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Ruwa ya ɗan tsattsafo ta ɗinkin ya jiƙa mini wando, na ce, "Baba, muna nitsewa."

"Yana sha ne. Bar shi ya ƙoshi, zai rufe bakinsa. Kai ma ka gwada."

Na ji filafilin ya shiga ruwa, sau ɗaya a dama, sau ɗaya a hagu, ba ko fantsama. Jirgin ya miƙe sak. Na waiga a hankali. Bayansa ya miƙe, haɓarsa a sama, idanun nan farare a buɗe, hannuwan da ke kakkarwa a kan kofin koko sun tsaya cak a jikin maɗaci. Bai tambaye ni hanya ba ko sau ɗaya. Da muka yi nisa ya ɗora filafilin a cinya, ya saki hannu cikin ruwa, ya bar jirgin na lilo da mu. Mun daɗe a haka. Can ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Zinatu ba ta taɓa yarda ta hau ba. Tsoro gare ta kamar Ba'adare."

Da muka dawo gaɓa, Ramatu ta riga ta hura wuta. Dangin Maame sun ba ta ƙananan kifin tafkin, ta yi miya a tukunyar aro, ga dokunu. Ta ajiye kwano gaban Baba ta koma gefe, ta kama bakin mayafinta tana murɗawa.

Ya wanke hannu. Ya gutsura, ya tsoma, ya kai baki. Ya tauna. Ya sake gutsura.

"Ramatu."

"Na'am, Baba."

"Gishirin ƙasar Asante ya ƙare ne, ko ajiya kike yi wa jikokinki?"

Ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin ita ma ba ta sani ba. Shi kuwa ya ci gaba. Kifin ƙanana ne, duk ƙaya, a Gaya da irinsu ake ɗana ƙugiya. Barkonon bai nuna ba. Dokunun ya kwana. Yana faɗa yana kai loma, har ya suɗe kwanon, ya laluba ya jawo nawa.